Shatin Yatsun Kaka a Jikin Inji

Ko da zan manta da yunwar shekarar nan ta fari, ba zan taɓa manta da ranar da muka shafa wa motar Baba hoda ba. Har yau in na ji warin baƙin mai, tsakar gidanmu na Matameye nake gani, da farin shatin yatsu a jikin ƙarfe.

Lokacin ina 'yar lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, na zo gida hutu. Soja ke mulki, sama kuwa ta ƙi mu. Gero ya tsiro ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Mazan unguwarmu da suka saba tafiya cin rani Kano bayan girbi, a shekarar ba su jira girbi ba, don babu shi. Baba kaɗai ya rage a layinmu, saboda yana da tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, bashe, wadda yake kai 'yan kasuwa Dungu da Yauri. Amma kasuwa ta mutu, ita kuma motar ta kama yoyo. Duk inda ta tsaya sai ta bar baƙin tabo a rairayi. Abin da Baba ya samo a hanya, a bakinta yake ƙarewa.

Sai aka yi shela cewa sojoji na neman motocin gari da za su riƙa ɗauko dawar taimako daga Damagaram zuwa ƙauyuka, kuma kowane direba zai samu rabonsa na hatsi. Sharaɗi ɗaya ne: mota mai lafiya. An ce sarjan ɗin da ke dubawa ba ya tambayar takarda kafin ya leƙa ƙarƙashi.

Muna cin abin da ya samu da yamma Baba ya faɗa, ba tare da ya dubi kowa ba.

"In ba su ɗauke ta ba, zan sayar da ita in bi sauran."

Duk mun san tarin da ke tashinsa da dare, mun kuma san irin aikin da ke jiran mai furfura a Kano: dako ko turin baro.

Tun daga nan Baba ya koma zama a ƙarƙashin mota. Inda man ke ɗiga a bayyane yake: gindin kaskon nan na ƙasa da ke tara mai, wanda direbobi ke kira karter. Ya kwance shi, ya sake shimfiɗar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wato juwan, ya ɗaure. Ɗiga bai tsaya ba. Ya sake kwancewa, ya cusa sabulu, ya naɗa zare a bakin noti. Ɗis, ɗis, kamar tana yi masa dariya. Mutumin da bai taɓa ɗaga mana murya ba ya zama wuta. Kaza ta ratsa, faɗa. Na miƙa masa sifana ba wadda ya nema ba, faɗa.

"Uwata, ke dai kallon sama kika iya! Abin da ake koya muku a lakwal ke nan?"

Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Gaskiyarsa kuma, ni mai kallo ce. Ina iya wuni ina bin tururuwa da ido, ko inuwar darbejiya tana rarrafe a bango. A lokacin na ɗauka ya tsane ni ne. Yaro bai san cewa tsoro ma yana fitowa da muryar fushi ba.

Ita kuwa Kaka, takwarata, tana zaune a gindin darbejiya tana kaɗi. Auduga ta ƙare a gari, sai ta farke tsohon matashin kai tana zaro ta ciki, don ta ce hannun da ya zauna banza shi ke fara jin yunwa. Masu kaɗi suna dangwala yatsu a alli don mazari ya juya sumul, allin da ake yi da ƙashin da aka ƙona ya yi fari. Na Kaka ba na kasuwa ba ne. Da farar saniyarmu ta faɗi a bazara, ita ta je ta kwaso ƙasusuwan, ta ƙona, ta daka, ta cura. Curin nan shi ne abin da ya rage mana daga dabbar da muka sha nononta tun muna rarrafe.

Ana gobe dubawa, da hantsi, Kaka ta ajiye mazari ta miƙe da sandarta.

"Bari in ga majinyaciyar nan da ta hana ɗana barci."

"Inna, koma inuwa, za ki ɓata zanenki."

"Ni da ita sa'o'i ne. Ni ma idona yana zubar da ruwa, wa ya taɓa kwance ni?"

Ta leƙa cikin kafo, murfin gaban mota da ke buɗe, ta ɗora tafinta a gefen injin, daidai inda Baba ya goge da tsumma da safe, kamar mai jin zazzaɓi a goshin yaro.

"Jikinta da sanyi. Shagwaɓa ce kawai," ta ce, ta koma wurin kaɗinta.

Baba ya tayar da injin ya sake shiga ƙarƙashi. Ni kuma na tsaya ina kallon abin da Kaka ta bari: shatin yatsunta, fari fat a jikin baƙin ƙarfe. Kyansa ne ya riƙe ni, ba wani tunani ba. Ina cikin kallo sai na ga wani siririn baƙin zare ya sauko, ya ratsa farin yatsan tsakiya, a hankali, kamar hawaye a fuskar mai kwalli. Daga sama ya fito.

"Baba," na ce, "ba daga ƙasa take kuka ba."

"Wane irin kuka kuma?"

"Fito ka gani."

Ya fito yana shirin faɗa. Ya duba. Ya daɗe yana duba. Sannan ya kashe injin, ya zauna daɓas a ƙasa, ya ce, "Ikon Allah. Ashe gangarowa yake yi."

Man yana fita ne daga sama, yana bin baƙin jikin injin da ƙura ta lulluɓe inda ido ba ya rabe shi, iskar fanka tana tura shi baya, sai ya taru a gindin karter ya ɗiga. Baba ya yi kwanaki yana jinyar inda babu ciwo.

Sai dai sama ɗin ma faɗi gare ta, sai da ƙarin alli za a gane daidai inda man ke fita. Baba ya dubi Kaka, ya kasa roƙo. Ita ta gane. Ta juya curin allin a hannunta, ta shafa shi da babban yatsa, sannan ta miƙo mini.

"Ungo, takwara. Ta shayar da ku tana raye, bari ta ƙarasa aikinta."

Muka tsiyaye kananzirin fitila, Baba ya wanke injin tas, rana ta busar. Na daka allin ya yi laushi, na ƙulle a bakin tsohon gyale, na bi injin ina bubbugawa kamar mai shafa hoda, har ya yi fari daga sama zuwa ƙasa. Aka sake tayarwa. Mu uku muka sunkuya, har da Kaka. Ba a jima ba baƙin ɗigo ya ɓullo a can kusurwar baya ta murfin saman inji, ya ja layinsa.

Da Baba ya ɗaga murfin, juwan ɗin ya bushe ya tsattsage kamar ƙasan tafki. Leɓen murfin kuma ya lanƙwashe, saboda duk lokacin da Baba ya ji haushi sai ya bi notuna ya ƙara matsewa. Ya ɗora shi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe ya bubbuga a hankali har ya miƙe. Ya yanko sabon juwan daga kwali mai kauri, ya shafa masa giris, ya mayar. Wannan karon da yatsu ya fara ɗaurewa, nan kaɗan, can kaɗan, sannan ya bi da sifana ba ƙarfi. Na sake shafa sauran allin. Injin ya yi ta kaɗawa har la'asar. Fari ya zauna fari.

Washegari na bi sahun mata muka tsaya a bakin filin dubawa. Sarjan ɗin dogo ne, muryarsa tana kai wa ƙarshen fili.

"Duk wadda ta yi fitsari a gabana, ta koma gida!"

Aka kori motoci a gaban idonmu. Da aka zo kan ta Baba, sarjan ya ɗaga kafo, ya ja baya.

"Wannan fa? Amarya ka kawo mini?"

"Kwalliyar 'yata ce, ranka ya daɗe."

Sarjan ya tura fallen kwali a ƙarƙashinta, ya ce a tayar. Injin ya yi ta kaɗawa na ɗan lokaci. Ya janyo kwalin, ya juya shi a rana, ya cillar.

"Gobe da safe, Damagaram."

Baba bai tafi Kano ba. Jar dawar nan da ba ta da daɗi ita ta kai mu damina. Kaka ba ta sake kaɗi ba a shekarar, kuma ba ta taɓa ambaton allinta ba. Baba kuwa, duk sanda ya same ni ina kallon sama, sai ya wuce a hankali, kamar mai gudun katse wa wani aiki.

Yanzu ina koyarwa. In yaro ya zo mini da taurin kai, ko babba ya sauke mini fushin da ban san dalilinsa ba, nakan tuna Baba a ƙarƙashin mota. Ranar nan ce ta koya mini cewa inda abu ke ɗiga ba lallai nan ne ya fashe ba. Sai an share wurin, an yi shiru, an bi layin zuwa sama. In kuma an samu tsagar, ba da ƙarfi ake ɗaure ta ba.