Gwaggwaron Yaya

Ni dai ban taɓa ɓoye ra'ayina ba. Ina da miji da 'ya'ya uku, kuma tun ina yarinya a Kafanchan ake ji da muryata a coci. Amma aikin nas a Washington ya nuna mini abin da na kasa mantawa: mata biyu da suka tsufa a gida ɗaya, ɗaya tana kan gado rai a hannun Allah, ɗayar a zaune a waje kamar baƙuwa, don ba su da takardar aure. Tun ranar na ce a bar su su yi aurensu. Matan zumuntar cocinmu na Landover sun san da haka. Sukan ce, "Ke dai Amurka ta shiga kanki," mu yi dariya mu ci gaba da suyar cincin.

Akwai wata a cikinsu da nake kira Yaya. Ita ta tarbe ni ranar da na sauka a ƙasar nan, ita kuma ta ɗaura mini zanin zumunta da hannunta. Wata Asabar ta zo gidana a Silver Spring, ko ruwa ba ta sha ba ta fashe da kuka. 'Yarta ta fari za ta yi aure, kuma mace za ta aura.

"Ƙanwata, babanta dattijon coci ne, ba ni da halin zuwa," in ji ta. "Ki je mini. Kada yarinyar nan ta tsaya ba uwa a bayanta."

Ta ciro gwaggwaro ruwan zuma daga jaka, wanda ta ɗaura ranar nata auren, ta ce in ɗaura wa amarya.

Na je, na ɗaura mata, na taka rawa har gwiwata ta yi tsami. Yarinyar ta rungume ni tana tambaya da Turanci ko da gaske mamanta ce ta aiko. Na ce da gaske ne.

Ba a yi mako biyu ba hotuna suka faɗo wayoyin matan zumunta. Bayan sujadar Lahadi a coci uwar zumunta, shugabarmu, ta tsayar da mu. Kowa ya gane gwaggwaron, don duk bikin godiya da shi Yaya take zuwa.

"Da saninki aka kai shi wurin nan?" uwar zumunta ta tambaye ta.

Yaya ta kafa wa ƙasa ido. "Aro ta ce in ba ta, Mama. Ban san inda za ta kai shi ba."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ni da baki ba ya yi mini nauyi, kalma ɗaya ta isa in wanke kaina, amma na san kalmar za ta rushe wa Yaya gida, sai na haɗiye ta. Aka ce in ajiye zanin zumunta, in koma bencin baya har sai na tuba. A ƙasar nan ba ni da dangi sai matan nan: su suka riƙe mini jarirai, su suka cika falona da mahaifiyata ta rasu. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, har da na Yaya.

Hukuncin bai ƙona mini rai ba, don na san ra'ayinsu tuntuni. Wannan hannun ne har yau ban yafe ba.

Bayan wata guda muka yi kiciɓis da Yaya a shagon kayan Afirka, wajen buhunan gari. Ta waiga hagu da dama, sannan ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, ɗaurin ya zauna mata kuwa?"

Na ce, "Ya zauna, Madam."

Na ɗauki kwandona na wuce.