Zanen Samfefa a Zauren Alhaji Sule

Cikin duk ranakun da na yi ina sana'ar fenti, wadda ba ta fita raina ba ita ce ranar da aka kore ni daga wani aiki a Ajingi saboda samfefa.

A farkon shekarun saba'in ne, ban daɗe da dawowa Gaya ba. Na yi fenti a Kumasi da Fort Lamy da Khartoum, na ci zagin shugabannin aiki da Turanci da Faransanci da Larabci. Duk abu ɗaya suka koya mini: bango sai an lallaɓa shi. Alhaji Sule, mai sayen gyaɗa, ya gina zauren siminti a Ajingi, ya aiko a kira ni in shafa masa fentin mai. Aikina na farko ke nan a gida, kuma da shi za a san ni ko a manta da ni.

Ga wanda bai sani ba, samfefa, wato takardar nan mai yashi ta gugar bango da katako, lamba gare ta a baya. Ƙaramar lamba kaushi, babba laushi. Idan filasta ta bushe, ana bin ta da ɗari da ashirin, a gama da wadda ta fi ta laushi, a share ƙura, sannan fenti. Mai lamba sittin ta kankare katako ce.

Ina cikin gugar bango a hankali sai ga Mato, wani kafinta da ke zama a fadar Alhaji. Ya shafa samfefata, ya yi dariya, ya ce wannan ko fuskar jariri ba za ta karce ba, ja wa Alhaji kwanaki kawai nake yi. Ya zaro tasa mai kaushi, ya goga, ƙura ta tashi. Alhaji ya ji ƙara ya ga ƙura, ya ce yanzu ya ga aiki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, fentin mai ba ya rufa asiri. Duk karcen nan zai fito."

Ya ce, "Malam Habu, nan ba Kumasi ba ce. Ku ba shi goron hanya."

Mato ya gama zauren, aka shafa shuɗi. Ranar kasuwa na koma don in ga kunyarsu. Hasken ƙofa ya bugi bangon, ga karce nan zagaye-zagaye, kamar kaji sun yi tono. Alhaji ya dubi bangon, fuska ta fara canjawa. Sai wani daga cikin 'yan fadar, wanda ko Wudil bai taɓa wucewa ba, ya ce ai irin wannan zanen ne a gidajen Makka. Sauran suka ce ƙwarai. Alhaji ya saki fuska, ya sa aka shimfiɗa darduma.

Kafin damina, attajirai a Gaya da Balan suna neman zanen Mato. Wani ya zo har gidana yana tambaya ko na iya. Na ce ban kai nan ba a karatuna, na koma fentin ƙofofi da akwatunan amare.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe lambobin nan, don bango ba ya canja hali. Amma kafin ku ciro samfefa, ku dubi waɗanda ke zaune kusa da mai gida. Su ne za su gaya masa abin da idonsa ya gani.