Dodon Rijiya Marar Ido

Maigidana mai fentin mota ne a Yendi, a shekarun da motocin doya suka cika hanyar Bimbilla suna gogar juna. Idan lori ya lotse, akwai wani ƙullu da ake cike gurbin da shi kafin a fesa fenti, 'yan gareji suna ce masa fila. Da an gauraya shi da jan maganinsa, kafin ka shanye kofin koko ya daskare kamar dutse. Kowa kankare ragowar yake yi ya zubar. Shi kuwa bawan Allah sai ya lanƙwasa waya, ya mulmula ragowar a kanta da sauri, ya jefa a aljihu ya kawo gida. Aljihun wandon da ya kashe min, Allah kaɗai ya san yawansu.

Ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, yake baje kolinsa a gindin mangwaro. Ya sassaƙa da reza, ya goge da samfefa, ya shafa launi da ɗan burushin da ya haɗa da gashin jelar akuyata, ba da izinina ba, ba kuma da nata ba. Ba mutane yake yi ba, ba kuma dabbobin da muka sani ba. Akwai kura mai fukafuki, akwai kifi mai ƙafafu da rawani. Babu wanda ya wuce tafin hannu, kuma duk cikinsu babu mai ido.

Ni 'yar Bawku ce. A gidanmu namiji in ya samu hutu kasuwar shanu yake tafiya ya yi hira, saboda haka na daɗe ina yi masa tsiya, magidanci da gemu yana wasan yara. Wata rana dai na tambaye shi dalilin rashin idon. Ya ce yana ƙarami a Salaga da laka yake yin su, mahaifiyarsa, Mma, ta ce gumaka ne, za su hana mala'iku shiga ɗaki, ta tattake su. Da ta ga ya ƙi cin tuwo, ta sassauta: ya yi abinsa, amma kada ya kuskura ya sa ido. Yana da 'ya'ya a lokacin da yake ba ni labarin, amma bai taɓa karya dokar ba. Abin dariyar, duk halittun nan daga bakinta suka fito, domin a unguwarsu babu wadda ta kai Mma iya tatsuniya.

Sai idon Mma ya mutu. Ba mu gama jimamin wannan ba, wani direba ya kawo saƙo daga Salaga cewa ta daina magana. Ba ciwo take yi ba. A gaishe ta, ta amsa a taƙaice, shi ke nan. Jikoki su roƙi tatsuniya, ta juya fuska bango, abinci ma sai an yi da gaske. Maigidana ya ji tsoro, ni ma na ji, don mun ga yadda tsofaffi suke tafiya in sun fara irin wannan shirun.

Ya ajiye sauran duka ya kama guda ɗaya: dodon rijiya, wanda Mma take tsorata yara da shi don kada su leƙa tsofaffin rijiyoyin Salaga. Jikin damo, gemun bunsuru, ga ɗan kwandon goro a baya. Da ya zo wurin fenti, ya gauraya, ya goge, ya sake gaurayawa, har haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Maigida, Mma fa ba ta gani. Wa kake ɓata wa fenti?"

Ya ce, "In ta tambaye ni fa?"

Na naɗe dodon a ɗankwalina muka hau lori. Mun same ta a tabarma da hantsi, ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. Maigidana ɗan fari ne, don haka tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ko ta yi masa magana kai tsaye ba, sai dai ta bi ta kan wani. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa ciki-ciki. Ya yi min alama, na sa mata dodon a hannu, ina addu'ar kada ta yi jifa da shi.

Ta juya shi. Yatsunta suka bi gemun, suka tsaya a kwandon, suka ƙirga ƙafafu.

"Ke 'yar Bawku," in ji ta, muryarta a dushe. "Cikinsa wane launi ne?"

Na ce, "Ruwan ɗorawa, Mma."

"To, nan ya samu. Amma gaya wa mutumin nan ya yi shirme. Jela biyu gare shi. Da wacce zai riƙe guga, da wacce zai kamo yaro?"

Wata jikarta da ke bakin ƙofa ta ce, "Kaka, me ya sa yake kamo yara?"

"Au, ba a gaya miki ba? Matso nan."

Ta fara. Yaran gidan suka taru, aka kawo mata kunu ta sha a tsakiyar labari ba tare da ta lura ba. Na so matar nan a ranar fiye da kullum, duk da a cikin labarin sai da ta sako wata sakarar 'yar Bawku da ta faɗa rijiya. Tana magana babban yatsanta yana shafa fuskar dodon, daidai inda ya kamata ido ya kasance. Da ta kai ƙarshe ta miƙo min shi.

"Gaya masa ya ƙara jelar ya dawo min da abina. Ido kuwa ya bar shi yadda yake, ma zauna haka ni da dodon."

Maigidana ya karɓa da hannu biyu, ya juya baya yana ta duba jelar. Na matsa na tsaya a gabansa don kada yara su ga fuskarsa.