Anti Mai Labarai ta kashe famfo

Salam 'yan uwa da ƙawayen arziki. Masu tsokanata wai bakina ba ya hutu, kun ji ni shiru kwana biyu ko? To yau ba surutun ne ya kawo ni ba. Ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Anti Mai Labarai, maƙwabciyarmu ta ɗakin ƙasa, wadda ta daɗe tana karanta labarai a rediyo kafin ta ajiye aiki.

Anti, ke kika san halin da kika tsince ni. Na samu aikin amsa waya a kamfanin kai kaya, amma maganata gudu take kamar an biyo ni, ga karin harshen ƙauyenmu, ga haɗiye ƙarshen kalma. Duk wanda ya kira sai ya ce, "Me kika ce?" Oga ya ce in ƙorafi bai tsaya ba zuwa ƙarshen wata, in nemi wani wurin. Ga Mama da ƙannena ni suke kallo. Kika same ni a matakala ina kuka, kika ce, "Ke 'yar nan, kukan ma da sauri kike yi? Taso."

Makarantarki kicin ce. Ki buɗe famfo, ki juya min baya kina wanke-wanke, ni ina bakin ƙofa ina ba ki labarin wunina. In ba ki ji ba, ba kya ko waiwayowa. Na yi ta nuni da hannu, kika ce, "Mai kira ba ya ganin hannunki, balle idon nan da kike juyawa. Sake." Wallahi akwai kofin da ya sha wanki har na tausaya masa.

Wata rana na ce ki mayar da ni irin 'yan rediyo, yadda ba mai gane daga inda na fito. Ranar ce kawai kika kashe famfo kika kalle ni. "Muryar uwarki ce, ba datti ba ce da za mu wanke. Ja numfashi, buɗe baki, ki raka kowace kalma har ƙarshenta." Wata ya ƙare, Oga bai sake zancen ba. Yau ni ake haɗawa da tsofaffi in sun kira, wai ni suke ganewa.

Sai ciwon shanyewar jiki ya kama ki, harshenki ya yi nauyi. Ke da gari guda ke yin tsit don ya ji ki! Masu dubiya su yi ta ƙarasa miki magana, ina ganin yadda kike runtse ido. Ni dai nakan zauna in jira, don ke ma kin jira ni.

Da rai ya yi halinsa, babban ɗanki ya miƙo min wayarsa. "Ƙanwata, ke za ki sanar da dangi, ni ba zan iya ba." Na shiga kicin ɗinki, na tsaya a bakin ƙofar nan, na danna ɗaukar murya. Na ja numfashi, na raka kowace kalma har ƙarshenta. Anti, ko mutum ɗaya bai ce "Me kika ce?" ba. Ranar kam na so a ce wani bai gane ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki. Yayana, babban ɗan Anti, da sauran 'ya'yanta da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu.

Ku kuma ƙawaye, wa ya taɓa zama ya jira ku har kuka iya? Ku faɗa min a ƙasa, mu haɗa su da Anti a addu'a.