Gaisuwar da Ta Zama Shaida

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Asabe, tara kuma da ranar da na raka ta kasuwar Batha muka sayo akwatin da ta zuba kayanta ta bar Riyad. Ba ciki ɗaya muka fito ba. Ita 'yar Zariya ce, ni 'yar Gusau, aikin jinya ya haɗa mu a wani asibiti mai zaman kansa a nan. Ita ta tarbe ni ina baƙuwa, ta koya mini cinikin tumatir da attaruhu a kasuwar Aziziya, tana yi mini tsiya wai Larabcina na Islamiyya ba zai sayo ko albasa ba.

Abin da ya fitar da ita daga ƙasar nan daga kofin shayi ya fara. Shugabar sashenmu ta ware kofuna a ɗakin hutu. Na tangaran na kowa ne, biyu na roba kuma namu ne, mu baƙaƙen fata, da mata masu shara 'yan Maraɗi da Damagaram. Haka rabon aiki yake, mai nauyin namu ne, a layin hutu kuma mu ne na ƙarshe. Mun daɗe muna haɗiyewa muna cewa ai neman abinci ya kawo mu. Yaya Asabe ce ta gaji, ta rubuta ƙorafi zuwa ga hukumar asibitin. Kafin ta miƙa sai da ta tambaye ni ko ta sa sunana a shaida. Na ce ta sa. Ta ce, "Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, Binta."

Ranar da aka kira ni, na tarar da wani mutum da takarda a gabansa. Ya tambayi lafiyata, na ce alhamdulillahi. Ya tambayi aiki, na ce alhamdulillahi. Sai ya ce, "Fi mushkila?" wato ko akwai matsala. Na ce, "Ma fi mushkila," wato babu matsala. Duk wanda ya san Bahaushe ya san abin da ya faru. Mu mutanen da za a same mu a gadon asibiti a ce ya jiki mu ce da sauƙi, a ce ina gajiya mu ce ba gajiya. Ni a zatona gaisuwa muke yi, maganar tana gaba. Shi kuwa ya rubuta, ya juyo mini takardar in sa hannu.

Shekaru da yawa a nan nake tsayar da labarin, don a ce kuskuren harshe ne. Yau zan ƙarasa shi. Ina ganin biron da ya miƙo mini na gane abin da na yi, kuma akwai sarari in gyara. Amma na tuna iƙamata, takardar zamana, ta kusa ƙarewa, asibitin ne kafil ɗina, wato mai tsaya mini a ƙasar, 'ya'yana biyu suna makaranta. Na sa hannu. Tsoro ne, ba rashin Larabci ba, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Ba a kore ta ba, masu ramuwa sun fi haka wayo. An ɗauke ta daga kan marasa lafiya aka ajiye ta a bakin ƙofa tana miƙa wa mutane lambar layi, matar da ta shekara ashirin tana jinya. Aka hana ta hutu. Waɗanda suke cin tuwonta ran Juma'a suka daina zama kusa da ita. Da kwantiraginta ya ƙare aka ce ba za a sabunta ba, aka buga mata huruj, bizar fita ba dawowa. A takarda babu inda aka ce don ta yi magana ne.

A Batha, muna taya akwati, na fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga mini hannu. "Gaisuwa kika amsa, ƙanwata, ai tarbiyya ce." Tana murmushi, amma ta sani, ni ma na san ta sani. Daga nan duk sanda ta bugo daga Zariya sai ta ce, "A ba ni Malama Ma-fi-mushkila." Muna dariya, in na ajiye waya in yi kuka. Shekara biyu da komawarta ciwo ya kwantar da ita, Allah ya karɓi abinsa. Ban samu zuwa jana'iza ba.

Yanzu abubuwa sun sauya. Ana kai ƙorafi ga hukuma ta wayar hannu, sauya wurin aiki ya fi da sauƙi, kuma akwai dokokin da suka hana a rama a kan wanda ya kai ƙara ko ya ba da shaida. Nakan tambayi kaina me Yaya Asabe za ta ce da ta ga wannan. Na san za ta yi murna, don ta biya kuɗin rashinsa da aikinta. Na kuma san za ta tambaya: to in an shiga ɗakin, wa zai buɗe baki? Doka tana iya hana a taɓa mai shaida, ba ta iya yi masa magana. Da dokar tana nan a lokacinmu ma, da sa hannuna ya isa ya kashe ƙarar.

Yaya Asabe ba ta bar gida a Abuja ba, ba ta bar suna a bangon asibiti ba. Kofunan roba dai sun ɓace bayan tafiyarta, ba wanda ya ce ga dalili. Sauran abin da ta bari yana wuyana.

Watan jiya wata sabuwar ma'aikaciya, Maryam, ta same ni idonta ya yi ja. An tsallake ta a ƙarin matsayi, an kuma faɗa mata dalilin a gabana da kalmar da ba zan rubuta ba. Za ta kai ƙorafi, ta ce, "Anti, in sa sunanki a shaida?" Na ce ta sa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar da aka kira ni, na tarar ɗakin ya sauya fenti, mai tambayar ma wani ne daban. Ya tambayi lafiyata, na gode wa Allah. Ya tambayi aiki, na gode wa Allah. Da ya zo ta ukun sai na gyara zama, na ce, "Fi mushkila."

Allah ya ji ƙanki, Yaya. Na makara da shekara tara, amma na amsa.