Katangar da Ta Danne Yaya Abdu

Shekara goma sha tara ke nan da tsohon kantin bakin kasuwar Tanut ya faɗo wa yayana Abdu. Ni ma ina ƙarƙashin katangar. Shi aka fito da gawarsa, ni aka fito da ni da ƙafa ɗaya mai aiki.

Kakanmu ya gina kantin nan, wani Balarabe mai fatauci da raƙuma ya sa shi. Lokacin kasuwar duk rumfunan zana ce. Da tubalin ƙasa ya ɗora shi, kaurin bango ya fi kamu biyu. Azarar giginya daga kudu aka kawo ta a bayan raƙuma. Bakan gizo biyu na ginin ƙasa ke riƙe da rufin, indararo huɗu ke zubar da ruwa. Ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi. Shayi da sukari da turmin atamfa a nan mutanen Damargu suka saba saye, Buzaye da Fulani na sauke fatu a ƙofarsa.

Ginin ƙasa yaɓe yake so. Kowace shekara kafin ruwan farko gidanmu ke kwaɓa ƙasa mu shafe shi. Kakanmu ya yi, babanmu ya yi, Yaya Abdu ya karɓa.

Sai Alhaji Sanda ya sayi kantin. Ya ce butik ɗinsa ba zai zauna kamar rumbu ba, a shafe shi da siminti. Yaya ya ce masa: "Alhaji, ƙasa numfashi take. Ka rufe ta, ruwa zai shiga ta sama ya rasa mafita, ta ruɓe ba mai gani."

Alhaji ya yi dariya ya ce: "Kai dai aikin shekara kake tsoron rasawa." Ya ɗauko masu siminti daga Damagaram.

Damina biyu aka yi, bangon gabas ya tsage. Alhaji ya aiko a kira mu. Yaya ya ce a kwashe kaya, a tokare azara tukuna. Alhaji ya ce ranar kasuwa ce, ba mai rufe masa kanti. Na ce mu tafi gida. Yaya ya ce ginin kakansa ne, ba zai bar shi ya faɗa wa mutane ba. Ya kori masu sayayya daga jikin bangon, ya kafa tsani. Da hantsi ne katangar ta faɗo mana.

Mutuwa ta Allah ce, wannan na sani. Abin da ya hana ni sakewa shi ne ranar sadakar uku. Alhaji ya zauna a tabarmarmu ya ce wa mutane magina ne suka taɓa inda bai kamata ba. Maganar ta bi gari, ta kai Belbeji da Gangara. Ba wanda ya sake kiran gidanmu gini. Ƴaƴan Yaya sun tashi ana ce musu ubansu ya rushe kanti.

Da Yaya zai ga kasuwar yau, bulo da kwano ko'ina, masu kanti na zaune waje saboda zafi, kai kawai zai girgiza. Ba ya riƙe mutum. Da ya yafe tuni. Ni ba shi ba ne.

A watan jiya babban ɗan Alhaji ya zo mini da goro. Ya durƙusa ya ce: "Baba Idi, tsoho na kwance, jiki ya ƙi. Yafiya yake nema."

Na ce: "Bakinsa na motsi?"

Ya ce yana yi.

Na ce: "To ku ɗauko shi a amalanke ranar kasuwa, ku ajiye shi gaban kangon kantin. Ya ce Abdu ya gaya masa, shi ya ƙi ji. Ya faɗa mutane su ji. Ɗauki goronka."

Yaya bai bar gona ba, bai bar garke ba. Ƴaƴa uku ya bari da sunan da aka ɓata, kuma sunan nake so a mayar musu. Kasuwa huɗu ta ci, ina zuwa da sandata in zauna a kangon har la'asar. Alhaji bai zo ba. In ya zaɓi ya mutu da maganar a bakinsa, zan je jana'izarsa in tsaya daga nesa, ba zan shiga sahu ba.