Faifan Inna: Ta'aziyyar Alhaji Isyaku Gyaɗi-Gyaɗi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, ina zaune a ƙofar gidana a Tarauni, Ashiru ya kira ni ya ce mahaifinsa, Alhaji Isyaku, ya rasu. Bayan la'asar muka sallace shi a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin wani irin zafi mai toshe numfashi. Aminina ne tun muna ƙananan ma'aikata, kuma da shi nake son yin magana yau.

Isyaku, jama'a sun san ka da sauƙin kai. Ina cikin motarka ranar da wani mai adaidaita sahu ya goge maka ita. Ya fito yana ta ba ka haƙuri, kai kuwa tambayarsa kake ko ya ji ciwo. Amma ni da kunne na san ka. Kai ne za a sa wa faifai ka ce lasifikar hagu ta ɗara ta dama, mu yi maka dariya, a duba kuma a tarar haka ne. Falonka cike yake da fayafayan garmaho, kuma ba ka taɓa hana kowa zama ya saurara ba.

Guda ɗaya ne ba ka yarda a taɓa. Kana yaro wasu ma'aikatan gidan rediyo suka zo ɗaukar waƙoƙin mata, suka ɗauki Inna, mahaifiyarku, tana waƙar niƙa, suka ba ta faifai ɗaya tak. Kai ne ɗan farinta, don haka har ta koma ga Allah ba ta faɗin sunanka, sai dai "wannan yaron". A ƙarshen waƙar nan ne ka kai hannu wajen dutsen niƙa, ta razana, ta manta ana ɗauka, ta kira ka da sunanka. Ban da cikin faifan nan, babu inda ta taɓa yin haka.

Faifan kuwa irin mai taushin nan ne da allura take ci. Hannun tsohon garmahonka mai riƙe allura yana da nauyi, duk sauraro sai ya kankare wani abu daga muryarta. Shi ya sa ka daina sawa, ka shiga neman sabon garmaho. Wayyo, ka wahalar da ni! Yau ka ce mai juyawa da bel, don ba a jin gurnanin injinsa; gobe ka ce a'a, mai nauyin farantin ɗora faifai, wanda ko tirela ta wuce titi ba zai girgiza ba. Ka ƙi wannan don allurarsa ta yi tsini, ka ƙi wancan don ba ya gudun tsofaffin fayafayai. Har sai da na ce maka, "Isyaku, garmaho kake zaɓe ko surukin da za ka ba 'ya?"

A bana na fara jin tsoro. Ka ƙara sabon sharaɗi, cewa lallai sai mai sauke allura da kansa, ba mutum ya ɗora ba. Da ka miƙo mini shayi na ga kofin yana kaɗawa, na gane dalili. Zuwana na gaba na tarar ka lulluɓe kayan sautin duka da farin ƙyalle kamar likkafani, na ce ka nemi wani launi mana. Ka ce, "Garba, sauraro ɗaya ya rage." Na ce, "Ga faifan ko gare ka?" A ranar ka aika a kawo maka wanda ka zaɓa daga ƙasar waje.

Bai iso ba ka kwanta a asibiti. Can ka riƙe hannun ƙanwarka, Hajiya Sadiya, ka ce mata, "Ki kula da faifan Inna." Allah Sarki, Sadiya! Ta koma gida ta sauko da tsohon faifan saƙa da Inna take rufe ƙwarya da shi, ta naɗe a zane ta adana a ƙasan akwati. Ita ta cika amana iyakar fahimtarta. Da aka zo share falo don zaman makoki, aka ga bai kyautu masu ta'aziyya su zauna cikin kayan kiɗa ba, sai aka kwashe fayafayan, har da na Inna, aka jibge a bayan gida. Rana ta yi ta dukansu har aka tashi daga zaman.

Bayan nan sabon garmahon ya iso. Ashiru ya kira ni, muka tono faifan daga tarin. Ya lanƙwashe, fuskarsa ta tsattsage. Sadiya da ta gane abin da ya faru ta zauna a ƙasa, ta ce a sa ko yaya ne. Allurar ta sauka a hankali, yadda kake so. Waƙar ba ta fito ba, sai ƙarar tsatsa da tsalle-tsalle. Dab da ƙarshe allurar ta maƙale a wuri ɗaya, muryar Inna ta fito sarai, cikin firgici, tana maimaitawa: Isyaku, Isyaku, Isyaku. Sadiya ce ta ɗaga kai, hawaye na zuba, ta ce, "Ya amsa, Inna. Ya riga ya amsa."

Allah Ya jiƙan ka, Isyaku, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da Inna a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Zahra'u, da Ashiru da ƙannensa, da Hajiya Sadiya. Allah Ya ba ku haƙuri. Mu da muka rage, Allah Ya sa kiranmu ya same mu a shirye.